Ziyarar Kawu Bushta ga Luwiza

Azru, 9 ga Janairu

Zuwa ga 'yar kawuna Najat,

Gaisuwa mai yawa daga cikin sanyin da ke sa mutum ya tsaya yana shawara da buta kafin ya yi alwala. Ina fata kuna lafiya, ke da Kawu Bushta. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke riga rediyo sanar da mu za a yi ƙanƙara.

Na je gidan birai kamar yadda kika sa ni, kuma dole in yaba musu. Ban taɓa ganin inda ake karrama baƙo irin wurin nan ba. Ka hau tasi zuwa bakin daji, ka taka taɓo na rabin awa, ka biya dirhami ashirin, sannan a tura ka cikin wata rumfar katako mai 'yar taga, a ce ba magana, ba dariya, tari ma ka haɗiye shi. Birai kuwa suna waje cikin itatuwa suna shan iska a filin da ya fi unguwarku girma. Wato mu aka kulle, su aka ba zaɓin su kalle mu in sun ga dama. Ba su ga dama ba.

Na tafi da curin sukari, don uwata ba ta koya mini shiga gidan mutane hannu rabbana ba. A bakin ƙofa aka ƙwace shi kamar an kama ni da ƙwaya. Wadda ta ƙwace ita ce shugabar wurin, Likita Itto. 'Yar duwatsun nan ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta dube ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka yi a makon. Ta ce ta san fuskata daga kasuwar Talata, wai ni na sayar wa ƙawarta dardumar da ta zuba a wankin farko. Na ce mu masu darduma duk kama muke yi.

Na ga Luwiza. Na gane ta da zoben nan na wuyanta inda gashi bai tsiro ba. Wata takwas ke nan da masu kula da daji suka karɓe ta daga hannun Kawu a dandali, amma da kin gan ta sai ki rantse ba ta taɓa sa 'yar jar rigar nan ba. Ta yi jiki, gashinta ya yi kauri. Tana zaune a reshe da jaririn wata a cinyarta, wani ƙaton namiji yana yi mata tsifa. Ko inda muke ba ta duba ba.

Ga yadda aikinsu yake, kamar yadda likitar ta gaya mini a waje. Birai goma sha uku ne a filin, duk an karɓo su daga hannun mutane. In ƙanƙara ta narke a watan Maris za a buɗe musu wayar da ta kewaye filin su shiga daji. Amma duk wanda aka gani yana zuwa bakin waya wajen ɗan Adam, an cire shi ke nan, don irinsa kwana biyu zai yi a daji wani ya jefa shi a buhu. Sai a mai da shi gidan keji na ƙasa har ya mutu. Ta nuna mini waɗanda ke can. Wani tsohon biri yana ganina ya miƙe tsaye ya sara mini kamar soja, ya miƙo hannu. Na yi niyyar dariya, sai ta ƙi fitowa.

To ki gaya wa Kawu ya kwantar da hankalinsa. Luwiza ta samu dangi, ta ƙoshi, ta manta da kowa da komai.

Ɗan gwaggonki,
Mimun

Marakish, 21 ga Janairu

Mimun,

Muna amsa gaisuwa. A gai da Gwaggo, ta riƙa shafa man zaitun mai ɗumi a gwiwar. Ni lafiyata ƙalau. Ta Baba ce zan gaya maka, tunda kai ka ja.

Kai da kake da bakin sayar wa mutum abin da bai zo saye ba, a ce ka rasa yadda za ka rufe wasiƙa sai da "ta manta da kowa"? Na karanta masa duka, da na zo layin sai na tsallake. Baba bai iya karatu ba, amma shekara talatin yana karanta idon mutane a dandali. Ya ga idona ya yi tsalle. Washegari ina fita wajen lallena ya ɗauki takardar ya kai wa mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Shi kuma ya karanta masa ita tun daga sanyin alwala har ƙarshe, da murya kamar mai huɗuba, mutane suna layi suna ji.

Yau kwana tara bai leƙa dandali ba. Da ko ba biri yana zuwa ya zauna wajen masu macizai ya sha shayi. Yanzu sun ji labari, ɗaya ya aiko masa da cewa ya yi haƙuri, su ma macizansu ba su san su ba. Wasa ne, amma bai ɗauke shi wasa ba. Yana hawa saman soro ya zauna kusa da akwatin da Luwiza take kwana a da. In na kai masa miyar harira sai in dawo in tarar ta yi sanyi da cokali a ciki. Wandonsa ya fara zamewa.

Ka sani shekara shida kwano ɗaya suke ci. Tun rasuwar Mama ita ce mai jin surutunsa, ni sai dai in dawo da magariba hannuna duk lalle, in yi girki in kwanta. Bai damu da a sake ta daji ba, ya ce can ne gidansu. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce wata takwas ya share shekara shida.

Ga abin da nake so. Ka rubuto wata wasiƙar da sunansa, ka ce kuskure ka yi, tana kewarsa. Kada ka ce mini ba ka iya ƙarya ba, na san dardumomi nawa kakarmu ta saƙa bayan rasuwarta. Kuma kada ka buga waya shagon bakin layi, mai shagon ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya.

Najat

Azru, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga Najat, sarauniyar masu lalle,

Gaisuwa da fatan kin huce. Inna ta shafa man, ta ce gwiwar ta gode amma ba ta canza ra'ayi ba. Ƙanƙara ta rufe hanyar Ifran kwana uku, shi ya sa takardarki ta daɗe.

Na karɓi laifina. A kasuwa in na ga fuskar mai saye ta canza sai in juya maganar nan take, amma takarda ba ta nuna wa mutum fuska. Za ki ga takarda biyu a ambulan nan. Wannan taki ce, ki karanta ki sa a murhu. Ɗayar ta Kawu ce, ki bar shi ya kai wa mai huɗubar gidan waya, don shi na rubuta ta. Ba yabon kai ba, na yi aiki. Na ce na koma na duba da kyau, ashe wata birinyar na gani da farko. Na ce Luwiza ta gaskiya kullum tana bakin waya ta ɓangaren kudu, ta riƙe ta da hannu biyu tana kallon hanyar Marakish, in an jefa musu abinci sai ta shinshina ta ajiye. Ni kaina da na maimaita karantawa sai da na share hanci.

Gaskiyar kuma ga ta. Na koma ranar Lahadi, ba sukari wannan karon. Luwiza tana nan lafiya, har ta fara dukan na ƙasa da ita, wanda likita ta ce alama ce mai kyau. Na ce a danginmu ma haka ne. Amma wurin ya ɗau zafi. An jera fararen duwatsu taku uku kafin waya. Likita tana zama a rumfa da madubin hangen nesa da littafi, duk birin da ya tsallake duwatsun nan ya nufo mutum, ta ja masa layi. An riga an cire biyu. Ɗayan bin wani makiyayi ya yi don ya ga burodi a hannunsa. Na ga lokacin da aka sauko da shi a akwati, sauran suna ta kuka a kan itatuwa. Saura goma sha ɗaya.

Lahadin ƙarshen watan nan ce ranar baƙi ta ƙarshe, daga nan a rufe rumfa sai ranar saki. Mako uku kawai, Najat. Ki ciyar da shi da wasiƙata har lokacin. Daga baya sai in rubuto cewa an sake ta tana waiwaye.

Mimun

Marakish, 17 ga Fabrairu

Mimun,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, a gai da Gwaggo. Baba ya tafi. Ina jin wajenka ya nufa.

Wasiƙarka ta yi aiki kwana huɗu. Ya ci abinci har da ƙari, ya yi aski, ya je dandali ya sa aka sake karanta ta a gaban masu macizai. Ranar Juma'a muna cin kuskus sai ya ajiye loma ya tambaye ni, ba yaron nan ne ya ce duk wanda ya zo bakin waya keji za a kai shi har ya mutu ba? Na ce ban tuna ba. Ya ce shi ya tuna. Ya ce in kullum tana riƙe da waya tana kallon kudu, to an gama da ita ke nan, kuma saboda shi.

Ka manta an karanta masa ta farkon duka? Da ka ce tana kewarsa ka tsaya nan, da ba mu kai haka ba. Sai da ka sa waya, ka sa hannu biyu, ka sa hanyar Marakish. Kai ba ka iya sayar da darduma ba sai ka ƙara mata kaka.

Na rantse masa ƙarya ce, ni na sa ka. Ya ce yanzu kuma so nake in rufe masa baki da wata. Muka kwana uku a haka. Yau da safe na dawo daga gidan burodi na tarar babu jallabiyarsa ta ulu, babu takalmansa. Mai shagon bakin layi ya gan shi ya nufi tasha.

Ban san abin da ke ransa ba. Wata rana ya ce in keji ne gara a ba shi abarsa ta mutu a hannunsa. Wata rana ya ce kallo ɗaya kawai yake so. Ka san kiran da yake yi mata da harshe. Ko tana bayan gari ta ji shi sai ta zo. In ya yi shi a wurin nan, shi da kansa zai sa a ja mata layi, kuma ba zai yafe wa kansa ba. Ka tare shi. Ka ɓoye takalmansa in ta kama. Kuma ka sa ya riƙa rufe ƙirjinsa, bai san irin sanyinku ba.

Najat

Azru, 14 ga Maris

Zuwa ga 'yar kawuna Najat,

Gaisuwa, da fatan saƙon da na bari a shagon bakin layi ya same ki, cewa Kawu ya iso lafiya. Ban ƙara ko kalma a kai ba, kin san dalili. Inna lafiya, ta samu ɗan'uwanta ta yi ta yi masa faɗa mako uku, gwiwar ma ta ji sauƙi. Shi kuma tari ya ɗan taɓa shi, ya warke.

Wasiƙarki ta iso kwana biyu bayansa, saboda haka ban san komai ba sai ganinsa na yi tsaye a kan dardumata a kasuwa da takalmi. Na yi duk abin da kika ce tun kafin in karanta. Na ce hanya ta rufe. Ya je tasha ya tambayi direbobi. Na ce likita ta yi tafiya. Ya ce ba ita ya zo gani ba. Da na rasa mafita sai na zaunar da shi na ce, Kawu, ƙarya na rubuta maka. Ya kurɓi shayi ya ce, "Wacce daga ciki?" A nan na san kasuwar Marakish ta girmi ta Azru.

Ya ce idonsa kawai zai yarda da shi. Inna ta kawo burodi ta sa ya ɗora hannu ya yi alkawari ba zai kira ta ba, ba zai ce uffan ba. Ya yi. Kuma ki riƙe wannan, Najat, da gaske ya yi shi.

Muka je Lahadin ƙarshe. Na gaya wa likita kawuna ne mai son dabbobi. A rumfar mu biyar ne: ni, shi, likita da littafinta, da wasu Turawa biyu, mata da miji. Ya fi minti ashirin yana leƙe. Na ga lokacin da ya gano ta, don hannunsa ya kama katakon taga. Tana can nesa a ƙasan wata bishiya tana tonon ƙasa da sauran. Ba waya, ba kudu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai a hankali. Na ce a raina mun tsira, saura mu fita.

Sai Baturiyar ta ɗaga kyamara.

Kin san aikinsa. Shekara talatin, duk inda baƙo ya ɗaga kyamara a dandali, kafin ya sauke ta biri yana kafaɗarsa. Ba tunani ake yi ba. Harshen Kawu ya ƙyasta sau biyu, tafinsa ya bugi kafaɗarsa, har ya fara cewa "Hoto, madam." Sai ya toshe bakinsa da hannu. Amma dajin shiru yake, sautin ya tafi.

Luwiza ta ɗago kai. Ta saki abin da ke hannunta. Ta miƙe a kan ƙafa biyu, irin tafiyar da ya koya mata, ta taho tana rangaji da hannu ɗaya a miƙe. Sauran birai suka tsaya suna kallonta. Likita ta cire murfin biro. Ban taɓa jin ƙarar murfin biro kamar ta ranar ba. Tsakanin Luwiza da fararen duwatsu bai fi taku goma ba, tana kuma ƙara sauri.

Kawu ya kai hannu baya cikin hular jallabiyarsa, inda tsofaffi ke ajiye dabino da carbi. Sarƙa ya zaro. Ya ture ni, ya fita daga rumfar, ya tsaya a fili inda za ta gan shi sosai. Ya ɗaga sarƙar ya maka ta a jikin turken ƙarfe, ya daka wata tsawa da muryar da ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Ta san muryar. Ta durƙushe ta rufe kanta da hannu biyu tun kafin ƙarar ta mutu, kamar mai jiran saukar abu. Ya sake makawa. Sai ta yi wata ƙara ta juya da ƙafa huɗu, ba ta tsaya ba sai ƙololuwar bishiya. Ƙaton namijin nan ya sauko ya tsaya tsakaninta da mu, duk garken suka taso suna yi wa Kawu haushi. Shi kuma yana tsaye da sarƙa a hannu.

Likita ta fito. Ta dubi sarƙar, ta dubi shi, ta ce ashe kai ne mai zoben wuyan. Bai musa ba. Ya ce, "Ba ta taka dutse ba, likita. Na fi ki sanin ƙafarta." Ta ce ta gani, tana da ido. Ta daɗe tana riƙe da biron. Sannan ta mai da murfin, ta ce birin da ya san ya guji irinsa ba zai shiga buhun kowa ba. Ta karɓe sarƙar, ta ce in ta sake ganin ɗayanmu a dajin nan za ta kira masu kaki. Ni har da kasuwar Talata ta ce kada in gaishe ta.

Muka gangaro. Sai kusa da titi ya ce da sarƙar ya koya mata tafiyar, wata huɗu, a saman soro, lokacin da kike fita aiki. Ya ce kowa a dandali haka yake yi, biri ba ya tashi tsaye don Allah. Ya ce kada in gaya miki. Na yi tunani kwana da kwanaki, na ga ƙaryata ta ƙarshe kuɗin mota ta jawo masa da rabin ransa, shi ya sa kike karanta wannan.

Ya ƙi tafiya sai ya ji ƙarshe. Shekaranjiya wani direban tasi ya kawo 'yar takarda daga likita, layi ɗaya ba gaisuwa: an buɗe waya, goma sha ɗaya sun fita, Luwiza ce ta huɗu. Na karanta masa, na ba shi ya kai wa wanda ya ga dama ya sake karantawa. Ya ce ba sai an sake ba. Ya ci tuwon sha'ir kwano biyu.

Zai hau motar safe ranar Alhamis, ki tare shi a tasha da la'asar. Tun yanzu ya fara shirya abin da zai gaya wa masu macizai, cewa ta ji muryarsa daga nesa ta taso da gudu. Gaskiya ne, ni shaida ne, ba ta manta shi ba ko kaɗan. Sau biyu ta tuna shi a minti ɗaya. In ya zauna ya ba ki na farkon, za ki tambaye shi na biyun, ko za ki ƙara masa harira?

Ɗan gwaggonki,
Mimun